Guringuntsi: Tsakanin Ƙashi da Nama

Wata malamar firamare daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, ina koya wa yara sassan jiki, sai na rasa sunan abin nan mai ɗan tauri da ke cikin kunne da karan hanci. Na ce musu ƙashi mai laushi. Akwai sunansa da Hausa? Daga Larabci muka aro shi?"

Malama, sunansa guringuntsi, wasu kuma su ce gurunguntsi. Ba aro ba ne. Larabawa "gudurufu" suke ce masa, kin ga kuwa babu dangantaka. A ganina baki ne ya raɗa wa abin suna. Ki tuna lokacin da kike cin ƙirjin kaza, kika iso farin abin nan na ƙarshen ƙashi, kika tauna, ya ce gurus-gurus. Wannan ƙarar ce kike ji a farkon kalmar, ita ce kuma a cikin "gurgura", wato yadda kare ke yi wa ƙashi. Bahaushe ya saba maimaita gaɓar kalma idan abu yana ta faruwa, wataƙila shi ya sa "gun" ta biyo bayan "gurin".

Ki je wurin mahauci ki ji yadda yake rarrabe kayansa: tsoka daban, kitse daban, jijiya, tantani, ɓargo, sannan guringuntsi. Mai farfesun kan saniya kuwa ya san masu zuwa musamman don kunnen, saboda wannan taunar.

"Ƙashi mai laushi" ba laifi ba ne, har akwai gaskiya a ciki. Yawancin ƙasusuwan ɗan tayi da guringuntsi suke farawa, su yi ta ƙwari har bayan haihuwa, kafin babba ya tsaya a ƙashi 206. Amma na kunne da hanci ba ya zama ƙashi, haka yake zama. Guringuntsi ne kuma shimfiɗar da ke kan gaɓoɓi. Babu jijiyar jini a cikinsa, don haka in ya goge ba ya saurin warkewa. Yawancin ciwon gwiwar da ke hana tsofaffinmu durƙusawa a salla daga nan yake.

Roƙona ɗaya, Malama: in za ki rubuta ƙashi a allo, kada ki manta ƙugiyar "ƙ". Wanda aka ce yana da ƙashin arziki, in ƙugiyar ta faɗi, yara za su karanta wani abu daban, ajin kuma ya ɓarke da dariya.