Tambayoyinku: waya za ta iya auna ƙarar unguwa?

Tambaya daga Zariya: Malam ni da ƙanena mun sa manhajar auna ƙara iri ɗaya, muna zaune waje ɗaya, tawa ta nuna 68 tasa 75, wace ce ke ƙarya?

Ba wacce ke ƙarya, makirfo ɗin ne ba iri ɗaya ba, kuma dama don muryar mutum aka yi shi. Ku zaɓi waya ɗaya ku tsaya a kanta, a cire mata riga, kar yatsa ya toshe ramin makirfo. Shi ke nan.

Tambaya daga Kano: Maƙwabcina ya aje janareta bayan tagar ɗakin kwananmu, na auna na ga 78, hirar mutane kuma 60 take nunawa. Tunda 18 ne kawai bambancin na ce ma maiɗakina ta daina ƙorafi, ko ba haka ba?

Haba malam, je ka ba ta haƙuri tukuna, kunnenta ya fi lissafinka daidai. Wannan kuskuren kullum sai an turo min shi kuma wallahi yana ci min rai, mutane na ƙirga desibel, wato ma'aunin ƙarar da manhajar ke nunawa, kamar mudun masara. Duk ƙarin 3 ƙarfin sautin ninkawa yake, to daga 60 zuwa 78 hawa shida ke nan, wato ninki 64, shi ne ka kira "kawai". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ɗakin kwana da dare kar ya wuce 30. A wurin aiki kuwa ma'aunin NIOSH, cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, shi ne 85 na awa 8, in ya kai 88 awa 4, 91 awa 2, kuma jijiyoyin jin da ƙara ta kashe ba sa dawowa, shi ya sa nake tausayin yaran da ke wuni gaban injin niƙa kunne a buɗe. Naku 78 ɗin ba zai kurmantar da ku ba amma yana cinye barci, rashin barci kuma yana da hannu a hawan jini, ga yara suna gyangyaɗi a aji.

Abin da nake cewa kullum, a rubuta. Sa manhajar a dBA, wato awon desibel yadda kunnen mutum ke ji, aje wayar daidai matashin kai, bar ta minti goma ka ɗau matsakaici, ka rabu da lambar ƙololuwa don tarinka ma zai iya ɗaga ta. Yi haka kwana bakwai, taga a buɗe da a rufe, da lokacin da aka kawo wuta janaretan na kashe. Sai ka je wajen maƙwabcin cikin mutunci, ka nuna masa cewa a buɗaɗɗen wuri in aka ninka nisa ƙara na sauka da kamar 6, matsar da janaretan daga mita 2 zuwa 8 kaɗai zai rage wajen 12. In ya ƙi akwai mai unguwa, kuma NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, na da dokar ƙara tun 2009.

Tambaya daga Maraɗi: Ni ɗaliba ce, ina son yin taswirar ƙarar unguwarmu amma ba ni da na'ura.

Sauke NoiseCapture, kyauta ce a Android, masu bincike a Faransa suka yi ta. Kunna GPS ki taka a ƙafa, za ta ɗora awon kan taswira da launuka. Ki bi layi ɗaya da safe, da azahar, da dare, kuma dan Allah ban da hira da ƙawa a hanya, in ba haka ba taswirar surutunku za ki kai wa malami.