Kwana 16 Ba Su Isa Ba: Amsa Ga Mai Son Sake Zama GMAT a Jidda

Saƙo ya zo daga wani ƙanenmu ɗan Kano, akanta a wani kamfanin fiton kaya a Jidda, shekararsa huɗu a aikin, game da GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema ga mai son digiri na biyu. Ya ce: "Yaya, makon jiya na zauna jarrabawar GMAT, na samu maki 535, alhali makarantun kasuwancin da nake hari suna son sama da 600. An ce bayan kwana 16 zan iya sakewa, ina so in yi rajista tun karatun bai zube ba. Sai dai fasfona saura wata biyar ya ƙare, kuma kuɗin rajistar daga abin da nake aika wa Baba zan tsakura. Ban gaya wa kowa a gida ba."

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Mutumin da zai tashi daga aiki a gajiye ya buɗe littafin lissafi ya cancanci a yi masa sannu kafin a ba shi shawara. Amma kada ka yi rajistar nan yanzu. Kwana 16 ɗin da aka faɗa maka gaskiya ne, shi ne mafi ƙarancin tazarar da hukumar GMAC mai jarrabawar ta yarda da ita tsakanin zama da zama, kuma ba a wuce zama biyar cikin wata 12. Ka'idarsu ke nan. Su ba su ce kwana 16 sun isa mutum ya ƙara maki 80 ba. Kuɗin zama ɗaya ya kusa dala 300, kuma da yake dala tana kan riyal 3.75, ka ga ya haura riyal 1,000. In ka koma da irin shirin da ka je da shi, abin da ka samu shi za ka ƙara samu, sauri ya haifi nawa.

Fara da fahimtar makin naka, domin na lura 'yan'uwa da yawa suna auna kansu da tsohon ma'auni. Tun ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsarin jarrabawar, aka janye tsohon a farkon 2024. Yanzu makin daga 205 ne zuwa 805, kuma 645 na yanzu daidai yake da 700 na da. Saboda haka in ka ga makaranta ta rubuta matsakaicin makin ɗalibanta, duba ko da wane ma'auni take magana. Wataƙila tazarar da ke tsakaninka da su ba ta kai yadda kake tsoro ba.

Sannan ka shiga asusunka na mba.com ka buɗe cikakken sakamakon, ba jimillar kawai ba. Sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar Turanci tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20, kuma kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90. Sakamakon yana nuna irin tambayoyin da suka kayar da kai, da yadda ka kashe lokacinka. A nan nake so ka daɗe. Ku akantoci kukan shiga da yaƙinin cewa lissafi naku ne, sai ku tarar ba a yarda da kalkuleta a sashen lissafi ba, sai a sashen nazarin bayanai kaɗai. Hannun da ya saba da Excel shekara huɗu ya manta yadda ake raba lamba a takarda. A ɗakin jarrabawar ma ba takarda ake ba ka ba, wani littafi ne mai santsi da alƙalamin da ake gogewa, kuma wanda bai saba ba yakan ɓata minti biyu yana neman inda ya rubuta abu. Duba kuma ko ka bar tambayoyi ba ka amsa ba a ƙarshen wani sashe, domin hakan yana cin maki sosai. Jarrabawar tana ba ka damar komawa ka canza amsa uku a kowane sashe in lokaci ya rage, don haka tambayar da ta gagara ka zaɓi wadda ta fi kusa, ka yi mata alama, ka wuce.

Ni a ganina wata uku kake bukata. Na san yadda zaman yake: ɗaki ɗaya da mutum uku, na'urar sanyi tana ruri, wani yana waya da gida har sha biyun dare. Karatun dare a irin wannan ɗaki wahala ce kawai. Ka mayar da shi bayan sallar Asuba, awa ɗaya da rabi kafin motar aiki, lokacin da kowa ya koma barci. Sayi littafin rubutu guda, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalili da Hausa: ban san ka'idar ba, ko na karanta tambayar a gurguje, ko lokaci ne ya kore ni. Bayan mako uku ka karanta littafin daga farko, za ka ga kuskure biyu ko uku ne suke ta dawowa da sabuwar riga. Gwajin da GMAC ke bayarwa kyauta guda biyu ne, kada ka ƙona su a makon farko. Ranar hutu ka yi cikakken gwaji na awa biyu da kwata a zaune, waya a kashe. Sai ka ga makin da kake so ya fito sau biyu a jere kafin ka biya kuɗin rajista. In kuma watan azumi ya faɗo cikin shirin, dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa shida a yini, amma kada ka sa ranar jarrabawar a cikinsa.

Maganar fasfo ta fi gaggawa. Wanda yake zama jarrabawar a ƙasar da ba tasa ba, fasfo ake nema, mai rai, igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ba ta wadatar. Na taɓa raka wani yaronmu cibiyar jarrabawa, fasfonsa yana aljihun teburin kamfani, ya miƙa igama, aka ba shi haƙuri, kuɗinsa suka tafi. Har yau ina tuna yadda ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya katin. Ka fara sabunta naka yanzu a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN. In sabon ya fito, a shigar da bayanansa a Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, sannan ka duba sunan da ke asusunka na jarrabawa harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a hana ka shiga.

Akwai wani lissafin da ba ka kawo ba, na ranar da za ka ajiye aiki ka tafi karatu. A dokar ƙwadago, wanda ya ajiye aiki da kansa bayan shekara biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallama yake samu. In ya haura biyar, kashi biyu cikin uku. Kai shekararka huɗu a aikin, kuma makin GMAT yana aiki har shekara biyar. Ɗauko kwantiraginka ka karanta, domin jinkirin shekara ɗaya zai iya zama kuɗin jirgi da hayar watannin farko. Kada kuma ka ji kunyar 535 ɗin, kai ne ke zaɓar sakamakon da za a aika wa makaranta bayan ka gani.

Saura Baba. Ban yarda ka rage masa a ɓoye ba. Dattijon da ya saba ganin kuɗi ranar kaza, in suka zo da giɓi ba bayani, zai kwana yana tunanin ko an kore ka ne, ko kana kwance. Kira shi bayan sallar Juma'a ka gaya masa akwai jarrabawar ƙarin karatu da kake nema, ka zauna sau ɗaya ba ta yi yadda kake so ba, za ka sake, ya sa maka albarka. Kuɗin kuwa ka tara su daga naka, riyal 350 a wata har wata uku, nasa su tafi cif yadda suka saba.

In ka buɗe sakamakon, aiko mini da makin sassan uku ɗaya bayan ɗaya, da yawan tambayoyin da lokaci ya hana ka kaiwa, mu ga ta inda za a fara.