Hybrid ko mai fetur zalla?

Malam, kana tambaya ko mota hybrid, wato mai aiki da fetur da lantarki, ta fi mai fetur zalla, kuma wai an ce maka batirinta baya daɗewa. Ni dai ina bayan hybrid, amma ya danganta da inda kake tuƙi. In yawancin yawonka cikin gari ne, cunkoso, a tsaya a tafi, nan take nuna kanta, don injin kan mutu da kansa in ka tsaya, lantarki ya ja ka a hankali, kuma in ka taka birki caji take mayar wa batir, shi yasa birkinta ma baya saurin cinyewa. A doguwar hanya kam bambancin ba wani yawa.

Maganar batir kuwa ana zuzutawa ne. Tun 1997 Toyota ta fito da motarta hybrid mai suna Prius a Japan, ba yau aka fara ba. Zafi ne babban makashin batirin. A da yawa daga cikinsu akwai 'yar kafar iska gefen kujerar baya, ta nan fanka ke sanyaya shi, sai mutum ya jibga jaka a wajen ko ƙura ta toshe ta. In ta hannu zaka saya, sa a jona mata kwamfuta a duba batirin tukuna, kar ka biye wa "ai lafiya lau take".