Na'urar auna bugun golf ta ƙi magana da kwamfuta

Ka ce ka kunna Mevo+, na'urar auna bugun golf ta kamfanin FlightScope, kwamfuta ta kama waifai ɗinta, amma GSPro, manhajar da ke nuna wasan golf a allo, ta ƙi buɗewa. Da ka mayar da kwamfutar kan intanet ɗin gidan sai manhajar ta buɗe, na'urar kuma ta ɓace. Kana tambaya ko lalacewa ta yi. Lafiyarta ƙalau, ɗana, kada ka je ka tayar wa mai gidan da hankali.

Mevo+ waifai nata take watsawa, kuma babu intanet a cikinsa, ma'aunin bugu kawai yake ɗauke da shi: saurin ƙwallo, kusurwar tashinta, yadda take juyawa. Ita kuwa GSPro tana son intanet don ta tabbatar da lasisi, ta kuma sauko da filayen wasa. Kwamfutar da ke gabanka kafar waifai ɗaya gare ta, kai kuma kana son ta kama biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ja kebul daga akwatin intanet na gidan zuwa bayan kwamfutar, ka bar wa na'urar waifai ita kaɗai. In nisa ya hana, sayo ɗan ƙaramin waifai na USB ya zama kafa ta biyu. Ni dai kebul nake so, don ba a kirana cikin dare a kansa.

In ka yi haka har yanzu shiru, duba wayar mai gidan. Sau da yawa manhajar FlightScope tana buɗe a aljihunsa, ta riga ka kama na'urar. A rufe ta gaba ɗaya. Sai katangar tsaro ta Windows: ranar da aka fara buɗe GSPro, katangar takan nemi izini, mutane kuma su danna a'a ba su karanta ba. Shiga ka ba GSPro da ƙaramar tagarta, GSPconnect, izinin wucewa. Kada ka kashe katangar dungum, wannan aikin raggo ne. Ita tagar kuma kada ka rufe ta don ta tsone maka ido, ta nan bugun yake bi ya isa allo.

Kar ka ɗauka duk na'urorin auna bugu haka suke. Garmin R10 da Bluetooth take aiki. Uneekor da ake kafawa a rufin ɗaki da kebul take zuwa, kuma sai ka rubuta wa kafar kwamfutar tsayayyen adireshi da hannunka, yadda takardarta ta nuna. Kafin ka taɓa komai ma, tambayi mai gidan ko lasisinsa ya ba shi damar haɗa na'urarsa da wannan manhajar, don wasu kamfanonin sai an biya kuɗin shekara.

In sun haɗu amma bugu na fita karkace, to ba maganar kwamfuta ba ce kuma. Mevo+ rada (radar) ce, a bayan ƙwallo take zama, kamar ƙafa 8, tana kallon tsakiyar allo, kuma ƙwallon na buƙatar aƙalla wata ƙafa 8 ta tafi kafin ta daki allon. Kashe fanka, tana rikita ta. Manna wa ƙwallon ɗan ɗigon ƙarfen nan mai sheƙi da ake liƙawa don rada, ko ka nemi ƙwallon Titleist RCT da aka yi don rada a cikin ɗaki. Yi bugu goma da sanda ɗaya, ka turo mini hoton lambobin.