Madara ba ta wanke ƙurar inji

Ɗan'uwa, ka tambaya ko madarar gwangwani da kuke sha bayan tashi daga injin casar shinkafa tana wanke ƙurar da kuka shaƙa. Ba ta wankewa. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga. Takunkumin N95 mai kama hanci gam za ka nema, ƙyalle ba ya tare ƙananan ƙura.

Na yi aiki a wani inji nan Katsina, hanyar Dutsinma. Da yamma in na fyace, majinar launin dusa take fitowa, ga tarin asuba. Sai da na riƙe takunkumi na samu sauƙi. Amma fa in gemunka cike yake, ƙura na bin gefe ta shige. Tarin kuma in ya wuce mako 2, je asibiti a duba ƙirjinka.