Zuwa ga Ummi, a kan durƙuso da ɗaga ido a ɗakin intabiyu

Assalamu alaikum Ummi, uwata ta kaina.

Na saurari saƙon muryar da kika turo mini daren jiya har sau uku. Na so in kira ki, sai na ga gara in zauna in rubuta, ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa kafin Talata. Kin ce kamfanin nan na Kakuri sun kira ki intabiyu, wata 4 bayan gama bautar ƙasarki. Alhamdu lillahi. Sai kika jero mini tambayoyi: in kin shiga ki durƙusa kamar yadda aka rene ki, ko ki tsaya? Ya halatta ki dubi idon manya? Ƙawayenki sun ce dole ki zayyana ƙwarewarki da bakinki, ke kuwa kin tashi kina jin ana cewa yabon kai jahilci. Ga kuma shawarar Babanku ta a kai wa wani babba a wurin goro.

Na ji daɗi da abin ya dame ki. Yarinyar da ba ta da kunya ba za ta ma yi wannan tambayar ba.

A 1982, da na gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta nan Kaduna, aka kira ni ganawa a wata ma'aikatar gwamnati. Tun daga bakin ƙofa na tuɓe takalmi, na zube ƙasa na gaida mutum 5 ɗin da ke bayan tebur. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "'Yata, tashi ki sa takalminki, kujerar nan dominki aka ajiye ta." Na zauna a gefen kujera, idona a kan siminti. Duk abin da suka tambaya na san shi, amma muryata ba ta wuce haɓata ba. Ban samu aikin ba. Sai a shekarar da ta biyo na samu wani, na yi shekara 35 a cikinsa, har ni ma na zama cikin masu zama a bayan tebur. A nan ne na gane abin da ya faru da ni.

Ummi, kowane ɗan kwamiti akwai takarda a gabansa mai gidaje-gidaje: sanin aiki, iya bayani, natsuwa, shiga. Kowane gida da makinsa. Abin da kunnena bai ji ba, ba ni da ikon ba shi maki, ko da zuciyata ta shaida cewa mai shi ya sani. Har yau ina tuna wata yarinya da ta zo gabanmu da takardun da suka fi na kowa kyau a ranar. Muka ce ta gaya mana abin da ta yi a inda ta yi bautar ƙasa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba wani abu ba ne, Allah ne ya taimaka." Na sake tambayarta ta wata hanya, na ma juya zuwa Hausa don ta saki jiki, amma iyakar amsarta ke nan. Daga baya na ji cewa ita kaɗai ta tsara fayilolin ofishin gaba ɗaya. Ranar na koma gida raina a ɓace, domin tarbiyya ce ta rufe mata baki, irin wadda mu da kanmu muke ba ku.

To ina matsalar take? A al'adarmu mutum ba ya faɗin alherin kansa, saboda an tanadar masa masu faɗa. A wajen neman aure waliyyi ne yake magana. A fada akwai maroƙa da 'yan ma'abba. Yaron da za a kai koyon ɗinki ko kafinta, ubansa ne zai kama hannunsa ya ce wa maigida, "Ga amana, yaron kirki ne." Shirun yaro a irin wannan wuri ado ne, don akwai bakin da ke magana a madadinsa. A ɗakin intabiyu kuwa ba a shiga da waliyyi. Ke ce mai nema, ke ce kuma mai ba da shaida, in kika yi shiru babu wanda zai ɗauka.

Yabon kan da aka hana shi ne ki ce kin fi wance, ko ki ɗora wa kanki abin da ba ki yi ba. Faɗin abin da hannunki ya aikata, ga wanda ya tambaye ki don zai damƙa miki amana, shaida ce, kuma ɓoye ta ba tawali'u ba ne. Ki buɗe Suratu Yusuf, aya ta 55. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Wa ya kai Annabawa kunya? Saboda haka in sun tambaye ki, kada ki tsaya a kan "ina da ƙoƙari". Ki ce musu: makarantar da aka tura ni ba ta da rajistar kuɗi a kwamfuta, ni na shigar da ita, ga tsawon lokacin da na ɗauka, ga abin da ya gyaru. Ki fara da alhamdu lillahi a zuciyarki, sannan ki faɗi aikin a sarari.

Maganar durƙuso kuwa, kada ki durƙusa. Na san an ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma in kin zo gidana ban yafe miki gaisuwata ba. Amma Kaduna garin ma'aikata ce tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, kuma tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 kowace ƙabila take da wakili a unguwar. A bayan teburin nan za ki iya tarar da Bagwari, da mutumin Zangon Kataf, da Bayarabiya, da Ibo, da Bahaushe. Sunkuyar da kan da Bahaushen zai kira ladabi, wani zai ɗauke shi tsoro, wani ya ce akwai abin da kike ɓoyewa. Ki shiga da takalminki, ki ɗan rusuna, ki gaishe su duka da murya mai fita, ki jira a nuna miki kujera. Ki dubi fuskar wanda ya yi tambaya yayin da kike ba shi amsa, ba ƙura ido ba, irin duban da kike yi wa malamarki in tana bayani. In da Turanci suka fara, ki bi su da Turanci. In suka juya Hausa, "ranka ya daɗe" da "ranki ya daɗe" sun wadatar. Kada ki kira kowa Baba ko Mama a wurin.

In namiji ya miƙo hannu, ki ɗora hannun dama a ƙirji, ki rusuna da sakin fuska. Duk wanda ya zauna garin nan ya san ma'anarsa. Hijabinki ko mayafinki ya zama mai tsabta, a goge, ba na biki ba.

Goro kuwa, a'a. Zan kira Yaya da kaina, kada ki ja da shi. Goron gaisuwa ana kai shi inda ba a neman komai. Wanda aka kai wa mai riƙe da alƙalamin maki kwana biyu kafin ya zauna, sunansa toshiyar baki, ko a ganye aka naɗe shi ko a ambulan. Kuma wanda ya shigar da ke ta bayan gida ba zai manta ba. Wata rana zai ajiye miki takarda ya ce ki sa hannu, ki rasa bakin cewa a'a. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Haka nan duk wanda ya bugo waya ya ce ki tura kuɗin fom ko kuɗin gurbi, ɗan damfara ne.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na san halinki. In suka ce nawa kike so a biya ki, kada ki ce "duk abin da kuka bayar". A gwamnati ba a ciniki, mai digiri a mataki na 8 yake shiga. Kamfani kuwa sai da magana. Ki tambayi masu irin aikin nawa suke karɓa, ki lissafa kuɗin motarki na wata daga Unguwar Rimi zuwa Kakuri, ki tuna mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, ke kuwa da digiri kika zo. Ko Annabi Musa, alaihis salam, da zai yi kiwo a Madyana, sai da aka bayyana sharaɗi a fili, shekara 8 ko ya cika 10. Abin da ba ki sani ba kuma ki ce ba ki sani ba, amma za ki koya. Masu tambayar sun fi ki sanin amsar, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Ki haɗa takardunki tun daren Litinin, na asali da kwafi: shaidar digiri, ta bautar ƙasa, ta ƙaramar hukuma, katin ɗan ƙasa, da hotunan fasfo. Ki fita da wuri saboda cunkoson gada da safe, ki gaida maigadi da masinja kamar yadda za ki gaida manaja, ki kashe wayarki tun a waje.

Ki zo gida ranar Asabar bayan la'asar da fayil ɗinki. Zan sa kujera a tsakar gida, in zauna a bayan tebur in yi miki tambayoyi da Turanci, kuma ba zan bar ki ki tashi ba sai na ji muryarki daga zaure. Allah ya ba ki sa'a, in da alheri a ciki ya tabbatar miki. Ki gaida Innarki da su Abba.

Goggonki,
daga Tudun Wada.