Daji ne ko kurmi? Amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Wani malamin makaranta daga Aboabo a nan Kumasi ya rubuto cewa ya kai ɗalibansa yawon buɗe ido Bobiri. Da suka dawo ya sa su rubuta abin da suka gani da Hausa, sai gardama ta kaure: wasu sun rubuta "mun je daji", yaro ɗaya ya rubuta "mun je kurmi", sauran suka yi masa dariya. Yana so in raba gardamar.

Malam, ka ba yaron nan tukwici. Waɗanda suka ce daji ba su yi kuskure ba, amma shi ne ya harbi tsakiya. Daji shi ne duk inda ba gari ba, ba gona ba: ko ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi, ko ƙayoyi ne, ko fako. A wasu sassan ƙasar Hausa jeji ake cewa. Akwai kuma dawa, da gajeren wasali a gaɓar farko, wadda ba ita ce dawar tuwo ba, don ita wannan sai an ja ta. Daga nan aka sami manyan dawa, da mugun dawa, sunan da ake sakaya gadu da shi. Kurmi kuwa wuri ne da itatuwa suka haɗa kai suka tare rana, ƙasa ta yi sanyi da laima. Duk kurmi daji ne, amma ba kowane daji ne kurmi ba.

Abin da ke burge ni da kalmar shi ne yadda ta yi girma a kan hanya. A ƙasar Hausa kurmi ɗan ƙaramin abu ne, duhuwar itatuwa a bakin rafi, ka shiga ta nan ka ɓulla ta can kafin takalminka ya jiƙe. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta sami sunanta ne daga irin wannan duhuwa ta bakin rafin Jakara. Da fatake suka biyo goro zuwa Gwanja, suka yada zango a Salaga, daga baya suka gangaro ƙasar Asante, sai suka tarar da kurmin da za ka kwana ka wuni kana tafiya ba ka ga ƙarshensa ba. Ba su ƙirƙiro sabuwar kalma ba, tsohuwar suka miƙar. Har yau a Arewacin Najeriya in aka ce wane ya tafi Kurmi, kudu ake nufi.

Bobiri kuwa kurmi ne na gasken gaske. Yana kusa da ƙauyen Kubease, kimanin kilomita 35 daga Kumasi in ka kama hanyar Accra, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 54, kuma tun 1939 aka keɓe shi. Wannan keɓewar ita ta ba shi suna na biyu, gandun daji. Gandu a asali babbar gonar gida ce ko ta sarki, wadda ba mai taɓa ta sai da izinin mai ita. To, a wajen hukuma Bobiri gandun daji ne, a wajen mai tafiya a ƙarƙashin itatuwansa kurmi ne. Kada dai yara su ce dokar daji: wannan can cikin ƙungurmin daji ne inda ba gida gaba ba gida baya, ba inda mai rakiya ke jiranku a bakin ƙofa ba.

Malam ya ƙara da cewa mai rakiyar ya dafa wata ƙatuwar bishiya ya ce "wawa", aji duka ya fashe da dariya. Ni ma da zan yi. Amma ba zagi ba ne. Wawa sunan itacen ne da harshen Tuwi, wanda 'yan katako a Najeriya suka sani da obeche: dogo, miƙaƙƙe, mai faffaɗan ganye da yakan kaɗe lokacin rani, katakonsa fari marar nauyi. Ba abin da ya haɗa shi da wawanmu sai kamar sauti. Asantawa ma, cikin alamominsu na zanen gargajiya da ake ce wa adinkra, suna da wadda suke kira wawa aba, wato ƙwayar wawa, kuma tauri da juriya take nufi. Wanda suke kira odum shi ne loko a Hausa, onyina kuma rimi ne. Sai dai rimin da muke wa kirari da adon gari, yana tsaye shi kaɗai ana hango shi tun daga nesa, a cikin kurmi ɗaya ne cikin dogaye, ba ka gane shi sai ta saiwoyin nan nasa masu kama da katanga.

Wata Hajiya daga Nima a Accra ta ce jikarta ta tambaye ta dalilin da ya sa ake kiran ƙwaron nan mai kyawun fiffike malam-buɗe-littafi, ita kuma ta rasa amsa.

Hajiya, ki sa ta zuba masa ido in ya sauka a kan fure. Fiffike biyu ne yake buɗewa yana rufewa, da zane a jikinsu kamar rubutu. Wasu ma sukan ce malam-buɗe-mana-littafi. Hausa na son ɗaukar jimla sukutum ta mayar da ita suna: faɗi-ka-mutu, dafa-duka, a-ci-balbal. A Bobiri an ƙirga irinsa wajen 400, mu kuma sunanmu ɗaya tilo gare su duka. In za ki kai yarinyar, ku isa da hantsi, rana ta ɗan yi zafi, ku duba inda ƙasa ke da danshi a gefen hanya, nan suke taruwa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani tela ce a Asawase. Ya ji kakansa na cewa "ana ganin wuyan biri ake ɗaure shi a ƙugu", yana neman ma'ana.

Ɗan'uwa, akuya da kare a wuya ake sa musu igiya, kowa ya sani. Mai wasa da biri ba makaho ba ne, ya ga wuyan sarai, amma ya san dabbar da ke tsalle tana lilo tana da hannuwa, igiyar wuya ko ta shaƙe ta ko ta zare. Ana faɗar karin maganar ne ga wanda ya zo yana nuna wa masu abu hanyar da yake gani ta fi sauƙi, kamar su ba su da ido. In sabon yaron shagonka ya ce me ya sa ba za a yanke yadin daga nan kawai ba, ga amsarsa. Kada ka haɗa ta da "biri ya yi kama da mutum", wadda ake faɗa in zargi ya fara samun gindin zama. A Boabeng da Fiema kuwa, kusa da Nkoranza, ba a ɗaure biri ko a wuya ko a ƙugu. Yana saukowa daga kurmi ya shiga gidaje abinsa, in ya mutu kuma akwai maƙabartar da ake binne shi.